Darasi: Sankarar Hanta a Jarirai

Sankarar hanta ba ta cika kama jarirai ba, amma tana kama su. Irin da aka fi gani likitoci suna kiranta hefatobilastoma, kuma yawanci takan bayyana kafin yaro ya cika shekara 3. Bakwaini da jaririn da aka haifa bai kai kilo ɗaya da rabi ba sun fi shiga haɗari. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba laifin uwa ba ne.

Hanta tana gefen dama na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙari. Sau da yawa uwa ce ke fara lura, wajen wanka ko sa riga: ciki ya yi tsini ta gefe ɗaya, hannu ya ji wani abu mai tauri, ga yaro yana ƙin nono yana ramewa. Kada a jira sai ido ya yi ruwan ɗorawa, domin shawara ba kasafai take zuwa da wannan ciwo ba. Kada kuma a matsa wurin ko a murza shi. Wannan abu mai tauri ƙari ne, yana cike da jijiyoyin jini, in ya fashe jini zai zuba a cikin ciki, yaro ya yi fari fat, jikinsa ya saki. Wannan sai asibiti nan take.

A asibiti za a yi hoton ciki, a auna wani sinadari a jini mai suna AFP, wanda yake hauhawa a kusan yara 9 cikin 10 masu ciwon. Za a kuma ɗauki hoton ƙirji, saboda huhu ne inda ciwon ya fi bazuwa. Yawanci ana fara ba da maganin sisfilatin ta jijiya don ƙarin ya motse, sannan a yi tiyata a yanke ɓangaren da ya kamu. Abin da ya rage na hanta yana sake tofowa. In ciwon ya mamaye ta, sai dashe.

Maganin ma yana da tasa illa, kuma a nan iyaye suka fi buƙatar sa ido. Sisfilatin yana iya rage ji har abada, yana kuma taɓa ƙoda, don haka a riƙa gwada kunne da jini a kowane zagayen ba da maganin. Yana raunana garkuwar jiki. A ajiye ma'aunin zafi a gida. In zafin jikin yaro ya kai digiri 38, ko da tsakar dare ne, a tafi asibiti, kada a tsaya ba shi maganin zazzaɓi tukuna.