Faɗuwar gaba a ƙasar sanyi: shawara ga 'yan Jos sababbin zuwa Ingila

Duk wanda ya taso a Jos yakan sauka Ingila da ƙarfin gwiwa kan batun sanyi, tunda ya sha hunturun Filato, amma kaɗan ne ke shirya wa duhun da ke tare da shi. A watan Disamba rana takan faɗi a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, mutum ya fita aiki da duhu ya dawo da duhu, ga kuɗin haya, ga 'yan gida suna jiran aike, ga babu maƙwabcin da zai leƙo ya ce ina kwana. A nan ne da yawanmu ke fara kukan faɗuwar gaba, da nauyin ƙirji, da murɗawar ciki, da barcin da ba ya zuwa sai gab da asuba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Ba kasafai wannan cuta take zuwa ita kaɗai ba. Sau da yawa tana tafe da ciwon damuwa, inda mutum zai wayi gari komai ya fita daga ransa, har abinci da hira. Idan fargaba ta daɗe, jiki kan zauna cikin shirin gudu ko faɗa, zuciya na bugawa da sauri, numfashi na sarƙewa, hanji na rikicewa, shi ya sa mai asma ko mai hawan jini kan ga ciwonsa ya ƙi lafawa.

Akwai kuma cututtukan jiki da ke shigar burtu su yi kama da fargaba. Ƙarancin jini yana kawo bugun zuciya da jiri. Halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, idan aikinta ya wuce kima, takan kawo makyarkyata da zufa da rama. Mai ciwon sukari ma yakan ji haka idan sukarinsa ya faɗi. Ga goro da kofi da lemukan ƙara kuzari, waɗanda masu aikin dare a gidajen kula da tsofaffi suka mayar abokan hira, alhali suna ƙara wa wutar fetur.

A gida mun saba da zarar jiki ya yi nauyi sai a wuce kemis a ce taifot da maleriya ne. A Ingila wannan hanyar a toshe take, kuma a ganina alheri ne. Ku yi rajista da likitan unguwa, wanda ake kira GP, tun a makon farko. Kyauta ne, ba a wajabta nuna takardar izinin zama ba, kuma kuna da damar neman tafinta. Ganawar takan yi gajarta, kamar minti goma, don haka ku rubuta abin da ke damunku tun daga gida, na jiki da na zuci duka. Kunya kan sa Bahaushe ya faɗi ciwon ciki ya ɓoye kukan da yake yi cikin dare, sai likita ya yi ta bin rabin zance. Ku nemi a auna jini, kuma ku sani hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, wato NHS, tana shawartar masu baƙar fata su riƙa shan bitamin D, maikirogiram 10 a kullum, duk shekara.

Wani abu ya shafe mu 'yan Jos musamman. A daren 5 ga Nuwamba da kwanakin da ke kewaye da shi, Turawa kan yi wasan wuta mai ƙara kamar harbin bindiga. Wanda ya ga rikicin 2001 ko 2008 ko 2010 yana iya samun kansa a ƙarƙashin gado yana rawar ɗari, ko mafarkin abin da ya ɗauka ya manta ya dawo masa. Wannan ba aljanu ba ne, ba kuma raunin imani ba. Ciwo ne sananne da ke biyo bayan tashin hankali, kuma ana maganinsa. Addu'a da azkar ba su hana ganin likita.

A Ingila mutum zai iya miƙa kansa ga sashen NHS mai magani ta hanyar tattaunawa ba sai likita ya tura shi ba. Idan an rubuta muku ƙwayoyi, sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu, kuma ba a yanke su rana ɗaya ba da sanin likita ba. Kada ku sa a aiko muku da tiramadol ko kodin ko maganin barci daga gida, domin suna kama jiki. Ciwon ƙirji mai tsanani kuwa ba a zama ana canki-canka a kansa, a kira lambar gaggawa 999 nan take. Idan abin bai kai haka ba akwai 111, layin NHS na neman shawarar lafiya, wanda kuma ya fara tunanin halaka kansa ya kira ƙungiyar Samaritans, masu sauraron wanda ke cikin ƙunci, a 116 123, dare ko rana, kyauta.