Yadda Ake Auna Kariya da Jini Kafin Zaɓen Sulke a Wasan Fito-na-fito

A gidajen gem na Tudun Wada da Kawo da Unguwar Rimi a Kaduna, gardama takan kaure tsakanin matasa a kan abin da ya fi amfani idan mutum biyu za su kara a wasan bidiyo: sulke mai kauri ko jini mai yawa, wato yawan bugun da jarumi zai iya sha kafin ya faɗi. Lissafi ne yake raba wannan gardama, domin a yawancin wasanni kariya tana ninka darajar jini ne, saboda haka wanda ya zuba kuɗinsa duka a gefe guda yakan tafka asara bai sani ba.

Abu na farko shi ne ka san ƙa'idar wasan da kake bugawa. A League of Legends, wanda kamfanin Riot Games ya fitar a 2009, kowane maki ɗaya na sulke yana ƙara wa jininka juriyar kashi 1 cikin 100 a gaban bugun makami. Jarumin da yake da jini 2,000 da sulke 50 sai an yi masa bugun da ya kai 3,000 kafin ya faɗi, idan kuma sulken ya kai 100, sai an yi masa na 4,000. Wannan adadi shi ne ainihin juriyarka, kuma shi ya kamata ka riƙa dubawa a duk lokacin da ka shiga kantin wasan.

Daga nan sai ka kwatanta abin da kuɗi iri ɗaya za su saya maka. A farashin da aka daɗe da sani, zinare 800 suna sayen Chain Vest mai sulke 40, ko kuma Ruby Crystal guda biyu masu jini 300 a haɗe. Ga jarumin nan mai jini 2,000 da sulke 50, sulken zai kai juriyarsa 3,800, jinin kuwa 3,450 kawai zai kai ta. Amma ga mai jini 1,200 da sulke 100 sai lamarin ya juye, domin ƙarin sulke zai ba shi 2,880, ƙarin jini kuma 3,000. Abin da lissafin yake nunawa shi ne ka sayi wanda ka fi ƙaranci a cikinsu. A wannan farashi, idan ka haɗa 100 da yawan sulkenka ka ninka sau 7.5, kuma jininka ya wuce abin da ya fito, to sulke ne ya fi riba.

Sai dai duk wannan ya tsaya ne a kan cewa abokin karawarka da makami kaɗai yake bugu, kuma a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Sulke ba ya tare sihiri, domin sihiri yana da tasa kariyar daban, kuma akwai wani nau'in bugu da yake ratsa kowace irin kariya ya ci jini kai tsaye. A gaban irin waɗannan, ko a gaban mai gauraya makami da sihiri, jini ne mafaka, tunda kowane irin bugu sai ya bi ta kansa. Haka nan idan ka ga abokin karawa ya sayi makamin da yake huda sulke, kada ka ci gaba da tara abin da ya riga ya rage wa daraja. Akasin haka, akwai makaman da suke cin wani kaso na jinin mutum a kowane bugu, kuma a gabansu tara jini kamar ƙara wa wuta itace ne. Wanda jaruminsa yake iya warkar da kansa ko zuƙar jinin abokin gaba, shi ma sulke ya fi masa, domin kowane ɗigon da ya dawo masa yana samun kariyar sulken.

A Elden Ring, na kamfanin FromSoftware, wanda ya fito a 2022 kuma aka buɗe filayen karawarsa a watan Disamba na shekarar, nauyi ne babban abin lura. Da zarar kayan jikinka sun haura kashi 70 cikin 100 na abin da kake iya ɗauka, mirginawarka za ta yi nauyi, ka kasa kauce wa sara. A ganina babu sulken da ya cancanci wannan hasara. Fara gina jini, wanda ribarsa take raguwa bayan mataki na 40 kuma take ƙara raguwa sosai bayan na 60, sannan ka sa sulke mafi kauri da ba zai haurar da kai iyakar nauyin ba.

Mai wasa daga Kaduna yana da ƙarin abin dubawa, wato jinkirin intanet, musamman idan sabar wasan, wato kwamfutar da take haɗa 'yan wasa, tana Turai ko abokin karawa yana wata nahiya. Jinkiri yana sa bugun da kake zaton ka kauce masa ya same ka, don haka ya dace ka ba juriya kaso mafi girma fiye da yadda ƙwararrun ƙasashen waje suke yi a bidiyonsu. Bayan kowace faɗuwa kuma, ka buɗe bayanin da wasan yake nunawa na irin bugun da ya kashe ka, ka sauya kaya guda ɗaya tak kafin karawa ta gaba, domin ka gane wanne ne ya yi tasiri.