Yadda Ake Kare Rai da Lafiya a Wurin Tonon Kayan Tarihi a Karkara

Wuraren da masu binciken kayan tarihi ke aiki galibi kufai ne, ko gindin dutse, ko tsakiyar gonar wani, can inda kwalta ta ƙare tun da nisa. Nisan nan shi ne tushen haɗarin. Raunin da a birni za a ɗinke a sallami mutum ya koma gida, a can yana iya cin yini guda kafin a ga likita. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa amsa ce ga tambaya ɗaya da ya kamata shugaban aiki ya riƙa yi wa kansa kullum: in wani ya faɗi yanzun nan, wa zai yi me, kuma awa nawa kafin a kai shi asibiti?

Mataki na 1: Je ka ga wurin kafin ka kai mutane

Kada taswira ta ishe ka. Shiga mota daga bakin filin zuwa asibiti mafi kusa, ka duba agogo. Shiga ciki ka tambaya: akwai likita da dare? Akwai maganin dafin maciji, kuma na macizan yankin ne? In babu, ina ne na gaba? Sannan ka zagaya filin da waya a hannu ka gano daidai inda sabis ke kamawa, ko da a kan tudu ne. Rubuta duk wannan a takarda guda, kowa ya sami kwafi.

Hanyar kanta abin tsoro ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma direban da ya wuni a rana yana tono bai kamata ya kama sitiyari bayan duhu ba. Mota ɗaya ta kasance a filin muddin ana aiki, da mai a tanki, gabanta na kallon hanyar fita, makulli a inda kowa ya sani. A kuma sami wani a gida ko a ofis da za a kira kullum a lokaci sananne, wanda ya san abin da zai yi in kiran bai zo ba.

Mataki na 2: Nemi izini, ka kuma saurara

Takardar izini daga hukumar da ke kula da kayan tarihi wajibi ce, amma ba ta isa ba sai da yardar mai gona da shugabannin yankin. Da ɗan gari akan ci gari. Su suka san tsohuwar rijiyar da ciyawa ta rufe, da bishiyar da zuma ke ciki, da rafin da ke cika cikin ƙiftawar ido in an yi ruwa a sama, da wurin da ba a yarda baƙo ya taɓa ba. Su ne kuma za su fara jin labari in tsaro ya taɓarɓare. In suka ce yau kada a fita, kada a fita. Ka bayyana musu ƙarara me kuke nema, domin jita-jitar an tono zinariya na jawo masu haƙar sata, kuma babu tsingaron tukunyar da ya cancanci a yi jayayya da mai makami a kansa.

Ka tambaya ko an taɓa yaƙi a wurin. A Faransa da Beljiyam har yau manoma na tono harsasan igwa na yaƙin 1914 zuwa 1918. A ƙasar Lawos, filin manyan tulunan dutse da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2019 ya sha ruwan bama-bamai tsakanin 1964 da 1973, sai da masu kwance bam suka share kafin masu bincike su samu shiga. Duk ƙarfen da ba a gane ba, kada a taɓa, kada a motsa. A sa alama daga nesa, a janye, a kira hukuma.

Mataki na 3: Shirya jiki da akwatin taimakon gaggawa

Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a ƙasa take zaune, kuma allurarta ana sabunta ta duk shekara 10. Kowa ya duba tasa kafin tafiya, ya kuma ga likita kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro in yankin na da shi. Mai asma, mai ciwon suga, mai farfaɗiya, wanda harbin zuma ke kumbura masa maƙogwaro, ya faɗa wa shugaba a asirce. Aƙalla mutum biyu su iya taimakon gaggawa, don in ɗayan ne ya ji rauni.

Mataki na 4: Girmama ramin

A nan nake so a daɗe, domin rami ba ya ba da dama ta biyu. Ƙasar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ta haura tan ɗaya, kusan nauyin ƙaramar mota. In ta zubo wa mutum zuwa ƙirji, duk numfashin da ya fitar sai ta ƙara matse shi, ya kasa jawo wani.

Dokar hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta ce ramin da ya kai mita 1.5 dole a tokare bangonsa, ko a kwantar da shi, ko a yanka shi hawa-hawa kamar matakala. Ƙasar da aka fitar a tara ta aƙalla santimita 60 daga baki, kuma daga zurfin mita 1.2 a sa tsani. Amma an rubuta dokar nan ne da ma'aikacin gini a rai, wanda ke tsaye. Mai binciken tarihi a durƙushe yake, cokalin magina a hannu, fuskarsa dab da gindin bango yana kankare ƙasa. Ramin mita ɗaya ma ya isa ya rufe masa kai. Ga shi kuma aikin na son bango miƙaƙƙe, a tsaye cak, don a karanta jerin ƙasa a zana shi. Ga shi ƙasar da ake tonowa sau da yawa ba ta asali ba ce, ciko ce ta tsohon ramin shara ko kabari ko rusasshen gini, ba ta da riƙo. Don haka ni dai ra'ayina, a fara yanka matakala tun kafin a kai ma'aunin doka. Filin da za a ƙara buɗewa a sama ba asara ba ne.

Kowace safiya, da kuma bayan kowane ruwan sama, mutum ɗaya ya zagaya bakin ramin kafin kowa ya sauka. Abin da zai nema: siririyar tsaga da ke bin gefen ramin a sama, ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan ba wanda ya taɓa ta, bango ya yi ciki, ruwa na tsatsowa daga gindi. Ɗaya daga ciki ya isa a hana shiga. Kada a zauna a baki ana lilo da ƙafa, kada baro ko mota su matso, kada a rarake ƙarƙashin bango don ciro wani abu, komai kyansa. Mai aiki a rami mai zurfi ya sa hular kwano, kuma kullum da wani a sama yana kallonsa.

In ramin ya rufta da mutum, zuciya za ta ce ka yi tsalle ka faɗa. Tsaya. Bangon da ya zube sau ɗaya yakan sake zubewa. A kira taimako, a tokare abin da ya rage, sannan a tono da hannu da shebur, kai da ƙirji tukuna, ban da diga. Ko ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin naman jikin da aka danne na iya sakin abin da zai lalata ƙoda bayan awanni.

Mataki na 5: Rana da ruwa

A fara da sassafe, a tashi in rana ta take, a kafa rumfa a kan ramin in zai yiwu. Kofi ɗaya na ruwa duk minti 15 zuwa 20 ya fi a bari sai ƙishi ya kama a kwankwaɗa, kuma kada a wuce kimanin lita ɗaya da rabi a awa. Fitsarin da ya yi duhu gargaɗi ne. Sabon zuwa jikinsa na bukatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba, kuma shi ne wanda kunya ba za ta bar shi ya ce ya gaji ba. A rage masa aiki tun kafin ya roƙa.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya: inuwa, hutu, ruwan gishiri da sukari. Amma in mutum ya fara ruɗewa, magana na sarƙewa, yana tangaɗi ko faɗa ba dalili, zafin jikinsa na iya haura digiri 40, kuma rai ne a hannu. A kwance masa kaya, a kwarara masa ruwa, a yi ta fifita, a ci gaba da haka a cikin mota har asibiti. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa.

Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Tafki da ruwan da ke kwance kada a yi wanka a ciki, can tsargiya take. In an ji tsawa, a ajiye sandunan awo na ƙarfe a shiga mota, sai bayan minti 30 da ƙarar ƙarshe a dawo.

Mataki na 6: Maciji, kunama da kaska

Tamfol ɗin da aka rufe rami da shi da dare wuri ne mai ɗumi da duhu. Da safe a ɗaga shi da sanda, buɗewar na kallon nesa da kai. Haka dutse. Takalmi mai rufe idon sawu, dogon wando, a kakkaɓe takalmi kafin a sa, tocila da dare, a duba jiki da yamma a cire kaska.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, kuma abin da ake yi a mintunan farko sau da yawa shi ke ƙara ɓarna. Ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure da igiya tamau. A matsar da wanda aka sara daga wurin, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar karan ɗori don kada ta motsa, a ɗauke shi a kai mota, a rubuta lokacin. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Cizon kare kuwa, a wanke da sabulu da ruwa na minti 15, a nufi asibiti ranar.

Mataki na 7: Ƙura da kogo

A 2001, mutum 10 da ke aiki a wani filin tonon tarihi a jihar Yuta ta Amurka sun kamu da ciwon huhu daga wani naman gwari da ke cikin ƙasa, bayan sun tankaɗe busasshiyar ƙasa. A yayyafa ruwa kafin tankaɗe, mai rariya ya ba iska baya, a sa takunkumi irin N95. Kogon da jemagu ke kwana kashinsu na ɗauke da cuta. Tsohuwar rijiya ko rufaffen ɗaki a ƙarƙashin ƙasa kuwa na iya rasa iskar shaƙa ba tare da wani wari ba, kuma wanda ya sauka ceto ba shiri shi ne yakan zama gawa ta biyu.

Mataki na 8: Kare mutane daga juna, ka rufe abin da ka buɗe

Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya tambayi mutum 666 da suka yi aikin bincike a fili, kashi 64 cikin ɗari suka ce an taɓa cin zarafinsu ta hanyar maganganun batsa ko makamancinsu, kuma mata ɗalibai sun fi fuskantar haka daga na sama da su. Abin ya fi muni a inda shugaba ɗaya ke riƙe da mota, kuɗi da makin jarrabawa. A rubuta dokar zama tun kafin tafiya, a ba kowa lambar wani da ba ya cikin tawagar, ɗakin kwana ya kasance da sakata. Leburan da aka ɗauka a ƙauyen su sami ruwa, hula da safar hannu iri ɗaya da na kowa. A kuma faɗa a gaban jama'a cewa mafi ƙanƙanta a filin yana da ikon cewa a dakata, ba wanda zai harare shi.

Da yamma a ƙirga mutane kafin mota ta tashi. A kewaye ramin da igiya ko shinge, a jingina katako a ciki don dabbar da ta faɗa ta samu hawa, domin yara da awaki za su zo bayan kun tafi. Ranar ƙarshe a mayar da ƙasa, a daddaɓe ta hawa-hawa, a ɗan tula sama saboda za ta zauna in an yi ruwa, sannan a zagaya wurin tare da mai gonar ya gani da idonsa kafin a yi sallama.