In an ce za a yi miki tiyatar cire maƙoƙo, ga abin da za ki riƙe

Na ce "ki" ne don mata ya fi kamawa, amma maza ma ku karanta. Yayata aka yi wa, ni na yi jinyarta, shi ya sa abin yake raina.

Tayirod, wadda kumburinta ne ake kira maƙoƙo, wata 'yar halitta ce a gaban wuya mai siffar malam-buɗe-littafi, ita ke fitar da sinadarin da ke juya ƙarfin jiki, bugun zuciya, zafin jiki, har nauyinki. Ana cire ta in maƙoƙo ya girma yana danne maƙogwaro har numfashi ko haɗiya na wuya, ko ana zargin kansa, ko tana aiki fiye da kima magani ya kasa. Toh tambaya ta farko da za ki yi wa likita: rabi za a cire ko duka? Kar ki ji nauyi ki tambaya, don in rabi ne da yawa sauran rabin yana isarsu, in duka ne kuwa ke da ƙwaya har ƙarshen rayuwa.

Kafin ranar za a ɗebi jini a duba TSH da T4 (sinadaran da ke nuna yadda tayirod ke aiki) da kalsiyam, a yi hoton wuya, wani lokacin a tsikari ƙullutun da siririyar allura a kai gwaji, wasu likitocin kuma su leƙa maƙogwaro da 'yar kyamara su ga lafiyar muryarki. In tayirod ɗin mai yawan aiki ce sai an kwantar da ita da magani irin su carbimazole tukuna, kar ki matsa a yi sauri, yanka ta tana kan ganiyarta hatsari ne. Ki faɗi duk abin da kike sha, musamman asfirin da warfarin masu tsinka jini. Yawanci awa 6 kafin aiki ba abinci, ki bi lokacin da suka ba ki daidai.

Aikin kansa barci za ki yi, awa 1 zuwa 3 galibi, yankan a kan layin fatar wuya yake don tabon ya ɓuya. Za ki farka da ciwon maƙogwaro saboda tiyon numfashi, wuya ya sage, wataƙila da ɗan tiyo mai fitar da jini, wannan duk ba komai.

Abin da nake so ki riƙe da kyau, ke da mai jinyarki, biyu ne. Na ɗaya kumburi. In a ranar farko wuya ya fara tasowa da sauri, ɗinkin ya ɗame, numfashi na sarƙewa ko yana ƙara, jini ne ke taruwa a ciki, a kira nas nan take ko ƙarfe nawa ne, ba a cewa bari gari ya waye.

Na biyu kalsiyam. A bayan tayirod akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa guda 4, paratayirod, su ke riƙe kalsiyam na jini, in an taɓa su wajen aiki sai su yi sanyi na ɗan lokaci, musamman in duka aka cire. Yayata a dare na biyu ta ce min leɓenta kamar kiyashi na yawo a kai, can sai na ga tana ta murza yatsunta wai sun sage, babban yatsan yana lanƙwashewa cikin tafin hannu da kansa. Wallahi da ba a gargaɗe mu ba da cewa zan yi kwanciya ce ta danne hannun. Na kira su, aka auna jini aka ba ta kalsiyam, kafin safiya ta sake. In ya same ki bayan an sallame ki, ki koma asibiti.

Murya ma, jijiyar da ke motsa ta tana bi ta jikin tayirod, don haka dishewa na makonni ba abin mamaki ba ne, yawanci tana dawowa, ƙalilan ne take zama musu. In sana'arki ta murya ce ki faɗa tun farko.

A gida kar ki ɗauki abu mai nauyi kamar mako 2, ki riƙa juya wuya a hankali kar ya ƙage, ki kare tabon daga rana, in jikinki mai tabo ya kumbura ne ki sanar tun kafin yanka.

Sai ƙwayar levothyroxine, mai maye gurbin sinadarin da tayirod ke fitarwa. Da safe cikinki ba komai, da ruwa zalla, ki jira minti 30 zuwa 60 kafin ki karya. Ƙwayar kalsiyam ko ta ƙarin jini ki ba su tazarar awa 4 don suna hana ta shiga jiki. Bayan mako 6 zuwa 8 a sake gwada TSH a daidaita miki. Dan Allah kar ki daina don kin ji sauƙi, sauƙin daga ƙwayar yake zuwa, kuma ranar da kika san kin samu ciki ki je wurin likita a makon, yawanci ƙara ta ake yi.