Idan aboki ya ce kai ne mai hoton bikinsa

Ka riga jama'a isa masallaci. Ɗaurin aure ba ya jira, kana cikin gyara kyamara sai ka ji an shafa fatiha. Nemi wuri kusa da liman da waliyyai, sadaki sau ɗaya ake miƙa shi.

In an fito, kada ka tsayar da ango cikin rana. Farar shadda takan ɗau ido har aikin babbar rigar ya ɓace a hoto. Ja su gindin bishiya, ka ɗan rage hasken kyamara.

Wurin kamu kuwa, sami ƙawar amarya ta riƙa yi maka jagora, ba kowace gwaggo ke son hoto ba. Riƙe batir biyu, ka dai san halin wutarmu.