Kurakuran da aka fi yi wajen bitar kod

Bitar kod ita ce wani ya duba kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, wanda abokin aikinsa ya rubuta kafin a amince da shi. Matsalar takan fara ne daga mai rubuta kod ɗin. Ya yi mako biyu yana aiki shi kaɗai, sannan ya jibgo wa abokin aikinsa layi 2,000 a GitHub, dandalin da ake ajiye kod, ya ce a duba masa. Wa zai karanta wannan? Sai dai a gangara da sauri a danna amincewa. Binciken da kamfanin SmartBear ya yi a kamfanin Cisco a 2006 ya nuna an fi kama kuskure idan abin dubawar bai wuce layi 200 zuwa 400 ba. Don haka a yayyanka aikin, kowane yanki da manufa guda, a kuma rubuta abin da aka canja da dalili.

Shi kuwa mai bita, laifinsa zura ido kan ƙananan abubuwa. Zai yi sharhi goma kan tazara da waƙafi, aikin da manhajojin tsara kod irin su Prettier ko Black ke gamawa cikin daƙiƙa, amma bai tambayi abin da zai faru idan bayanin da ya shigo ƙarya ne ba. Haka Heartbleed, wata babbar ɓarakar tsaro a intanet, ta samo asali. A ƙarshen 2011 aka ƙara wa OpenSSL, manhajar da ke kare sirrin saƙonni a intanet, wani ɗan kod, aka duba, aka amince. Kod ɗin yana karɓar tsawon saƙo yadda mai aikowa ya faɗa, ba ya tantancewa. Sai mutum ya turo harafi kaɗan ya ce dubbai ne, sabar, wato kwamfutar da ke amsa saƙon, ta cika masa ragowar daga ma'adanarta, har da kalmomin sirrin jama'a. Ba a gano ba sai Afrilun 2014.

Sai lafazi. "Wannan shirme ne" ba ya gyara komai. "Idan jerin ya zo babu komai, me layin nan zai yi?" ya fi amfani. Abin da ra'ayi ne kawai, a faɗa ƙarara cewa ba dole ba ne.

Akwai kuma kunya, wadda mu muka fi sani: ƙarami ya ga kuskuren oga ya yi shiru. Maganin yana hannun ogan, shi zai riƙa tura nasa aikin ga ƙananan, ya gode a fili idan sun kama shi.

Wanda aka yi wa gyara, kada ya tsaya dogon bayani a sharhi. In mai bita bai gane ba, wanda zai gaji kod ɗin baɗi ma ba zai gane ba. A sake rubuta wurin. Kuma kada bita ta kwana biyu tana jira: ƙa'idar Google ita ce a amsa cikin ranar aiki ɗaya.