Idan diddige ya hana ka gudu a Jos

Ciwon da ke soke diddige da zarar ka sauko daga gado da asuba, ya ɗan lafa bayan ka taka, yawanci jijiyar tafin ƙafa ce ta gaji. Masu gudu a kwaltar Rayfield, hawa da gangara, sun san shi.

Ajiye gudun tukuna. Daskarar da gorar ruwa a firiji, ka zauna kana murza ta da tafin ƙafa na minti 15, safe da yamma. Kafin ka tashi daga gado, ja yatsun ƙafar zuwa sama da tawul. Kada ka taka siminti ba takalmi, ko a tsakar gida. Takalmin gudu kuwa, in ya ci kilomita 500 zuwa 800, ya gama aiki, ko na gwanjon Terminus ne.

Don kada numfashi ya koma baya, ni keke nake hawa, na tsaye a wurin motsa jiki, minti 30, har gumi ya fito. Iyo ya fi sauƙi ga ƙafa, sai dai ruwan Jos a watan Disamba sai mai taurin rai.

Amma in ciwon na wuri guda ne a kan ƙashi, ga kumburi, kana ɗingishi, tafi asibiti a yi hoto. Ƙila ƙashin ya tsage.